Saifar da Muke Bayarwa Gyara

Zuwa ga Baba Ƙarami, a gidanmu na Kwarbai, birnin Zariya.

Shekara tara ke nan har da ɗoriya rabona da gida. Tun ranar da na fita ta Ƙofar Doka ban sake taka Zariya ba, kuma ban taɓa rubuto maka ko layi ɗaya ba. Yau ga shi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin wadda ban taɓa yi maka baki da baki ba. Allah Ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka. Ka gaishe da Baffanka Tanimu. Gaisuwa ba ta rage wa mutum komai.

Ba labarin Ikko zan ba ka ba. Gari ne na ruwa da hayaniya, ina sayar da nama, ina ci, ina kwana. Shi ke nan labarin.

Alhaji Sule na Tukur-Tukur, wanda yake kawo mana shanu, shi ya gaya mini ka gama karatunka a makarantar Kongo ta Zariya, an ba ka aikin akawu a wani gari can bakin Binuwai. Na tambaye shi nisan garin da asibiti, ya ce tafiyar rabin yini ce a mota, in hanya ta yi kyau. Sannan ya ƙara da wata magana yana dariya. Ya ce, "Ai Ilu, ɗan nan naka ƙarfe ne. Ya daɗe da daina shan ƙwayoyin nan na asibiti. In aka yi masa maganar saifarsa sai ya ce rage masa kaya aka yi." Shi ya yi dariyarsa, ni ban yi ba. Na san inda ka samo wannan magana. Daga bakina ka same ta.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, don haka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na ce ga abin da za ka yi ba. Haka muka tarar, haka muka yi. Amma yanzu za ka tafi inda ba Baffanka, ba mahaifiyarka, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin rigarka. Don haka na ajiye kunyar a gefe. Ka karanta har ƙarshe, ko da ranka bai so ba.

Kana wajen shekara takwas cikinka ya fara tasowa ta gefen hagu. Na gani. Ni mahauci ne ɗan mahauci, na san abin da ke zaune a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, na kuwa san saifa ce ta kumbura, don kowace damina sai masassara ta kayar da kai sau uku sau huɗu. Kana wucewa ta zaure, ina kallonka ta gefen ido. Sau da yawa hannuna ya yi kamar ya jawo ka in latsa wurin in ji. Amma da an ga na yi haka, da matan gida sun samu abin tattaunawa na mako guda: Ilu ba shi da kunya, yana lallashin ɗan fari a gaban mutane. Abin da na iya yi kawai, na ce wa mahaifiyarka, "Yaron can, kamar rigarsa ta yi masa kaɗan." Ita kuwa kunyarta a kanka ta fi tawa. Ta kai maganar ga kakarka, kakarka ta kira wanzami, ya yi maka tsaga a wurin, ya kafa ƙaho, jini ya fito baƙi, kowa ya ce alhamdulillahi cuta ta fita. Asibiti yana nan Tudun Wada, da ƙafa ma ana zuwa. Shekara huɗu cikin nan yana ƙara girma, ni ina ƙara kawar da kai.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Gidan da ba kunya kasuwa ne. Amma tana da wurin zamanta, kuma ba a kan ciwo ba ne. Abin da idonka ya gani a jikinka, ko a jikin wanda yake hannunka, ka faɗe shi da sunansa, ga wanda zai iya yin wani abu a kai. Kada ka yi habaici da riga kamar yadda na yi.

Ranar da abin ya faru kana tunawa, amma ba ka ga abin da ni na gani ba. Kana da shekara goma sha biyu. A mayanka ne, da hantsi, na ba ka igiyar wani farin bijimi ka riƙe. Na san cikinka, duk da haka na ba ka, don kada a ce ina ware ɗana daga aikin da ’ya’yan kowa suke yi. Bijimin ya juyo ya matse ka da gefen kansa a jikin turke. Ka faɗi, ka tashi, ka kakkaɓe wandonka, ka sake kama igiyar. Ko uhum ba ka ce ba. Ni kuwa daɗi ya kama ni, har na manta da kunya na ce a gaban jama'a, "Namiji ke nan." Yabon farko ke nan da ka taɓa ji daga bakina, kuma shi ya kusa kashe ka. Saboda shi ka tsaya a teburin nama har azahar, kana korar ƙuda, gumi mai sanyi yana zubo maka, kana dafe kafaɗar hagu. Ni ina ta ciniki.

Baffanka Tanimu ne ya zo wucewa ya tsaya. Ya ja fatar idonka ƙasa, ya ga fari fat kamar auduga. Ya saɓa ka a kafaɗa ya nufi bakin hanya. Na bi shi a baya da jinin shanu a hannuna.

A asibiti likita ya ce saifarka ta fashe, jini yana zuba a cikin ciki, sai an buɗe an cire ta yanzu yanzu. Aka kawo takarda aka ce uban yaro ya dangwala hannu. Na ƙi. Na ce, "Ni kullum farke ciki nake yi, ban taɓa ganin abin da aka farke ya tashi ya yi tafiya ba." Tanimu ya dube ni ya ce, "Ilu, kai shanu ka sani. Matsa." Ya ce da mai takardar, "Ni ne ubansa," ya dangwala nasa. Da hannunsa aka yi maka aiki, ba da nawa ba.

To ka ji. Dauriya ado ce ga namiji, ban musa ba, ni ma da ita nake zaune a garin nan. Amma ni na koya maka cewa yin shiru da ciwo shi ne abin yabo, kuma na koya maka ƙarya. Wanda ya ce maka namiji ne kai don ka danne ciwo, ba shi zai shiga kabarin ba. In ka ji abu a jikinka, ka buɗe baki. In an yi maka dariya, dariyar ba ta wuce kwana biyu.

Da za a sallame ka, likita ya sa tafinta ya gaya mana abu biyu: ka riƙa shan ƙwaya kullum, kuma duk ranar da jikinka ya yi zafi a kawo ka a ranar, kada a kwana. Na ji da kunnena. Amma sai ka warke, cikinka ya lafe, ka fara cin tuwo malmala biyu, ka fi dā kyan gani. Ni kuma ka san matsayin saifa a teburinmu. Ba mai zuwa kasuwa don ita. In mutum ya sayi nama na sule guda ya ce a yi masa gyara, ita muke yankowa mu ɗora masa. In ta kwana, mu jefa wa yara su gasa. Sai na auna taka da wannan mudun. Karɓo ƙwayoyin nan kuma yana cin safiyar kasuwa guda kowane wata. Wata rana a zaure, ana hira bayan la'asar, wani ya tambayi jikinka, na ce, "Ai lafiya lau. Likita gyara kawai ya cire, naman yana nan." Aka fashe da dariya. Kana bakin ƙofa kana wanke buta, ka ji. Daga watan nan ban sake zuwa karɓo ƙwaya ba. Na ji daga baya Baffanka ne ya ci gaba da zuwa, har ka girma ka ce ka gaji.

Tunda na ambace shi, bari in gama da maganarsa. Abin da ya raba ni da Tanimu ba ɓoyayye ba ne. Ya ce da ni a gaban mutane, "Da don ta kai ne, da yanzu ciyawa ta tsiro a kan yaron nan." Gaskiya ya faɗa. Amma ya faɗe ta a zaure, ya faɗe ta a wurin suna, ya faɗe ta a wurin jana'iza, har yaran kasuwa suka haddace. Da aka zo raba teburin mahaifinmu kuma, ya ɗauki bakin hanya ya bar mini gefen lambatu. Wannan ban yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma mutumin da ya cuce ni a tebur shi ne ya saɓa ka a kafaɗa ranar da ni nake ƙirga canji. Duka biyun gaskiya ne, kuma na biyun ya fi nauyi. Kafin ka tafi ka durƙusa ka yi masa sallama yadda ake yi wa uba. Rigimata da shi ba gadonka ba ce. Kuma in wata rana wani ya ɗauke ka da ƙarfi ya kai ka asibiti kana cewa a bari, kada ka riƙe shi a zuci, ko da bakinsa ba shi da daɗi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A nan akwai wani abokin aikina, Mati, mutumin Damagaram. Tebur ɗaya muke, ɗaki ɗaya muke haya. Shekarun baya motar shanu ta kife da shi, aka cire masa saifa, tabonsa irin naka sak. Ƙato ne, yana ɗaukar cinyar bijimi shi kaɗai. In muna wanka a bakin famfo yakan buga tabon ya ce, "Ilu, ni da ɗanka ’yan ƙungiya ɗaya ne, marasa gyara." Don na ba shi labarin, har da barkwancin. Bara, wata Talata da safe, ya ce kansa yana sarawa. Ya yi aikinsa. Da la'asar sanyi ya kama shi yana karkarwa. Na ce mu je asibiti, amma da rabin baki na faɗa. Ya ce, "Haba, masassara ce. In ta kai jibi ma je." Ni ma a raina haka na ɗauka, don wa ya taɓa zuwa asibiti a ranar farko? Na dafa masa ganye, na lulluɓe shi da bargo biyu. Washegari da hantsi muka yi masa sutura.

Na ga mutuwa iri-iri, amma ban taɓa ganin masassara ta cinye ƙato a yini ɗaya ba.

Akwai wani likita da yake sayen nama a wurina kowace Asabar. Bayarabe ne, amma a Tudun Wadan Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu ’yan birni. Yana koyar da masu karatun likita a nan. Barunje yake kirana, sunan da ake tsokanar mahauta da shi, ni kuma in ce masa Ɗan Tudun Wada, baƙon bayan ganuwa. Da ya zo ya tarar ba Mati, ya tambaya, na ba shi labari. Ya ce, "Mai tabon nan a ciki? Saifa aka cire masa?" Na ce ita. Sai na ce, "Likita, ni dai gaya mini, mene ne aikin abin nan? Mu gyara muke bayarwa da ita."

Ya ce, "Barunje, shekara nawa kana yanka ta?"

Na ce, "Tun kafin a yaye ka."

Ya ce, "To yanko mini ɗaya, ka tsaga ta biyu, yau ka dube ta."

Na tsaga. Ya karɓi wuƙar ya nuna mini da tsininta. A cikin jan naman nan akwai ɗigo-ɗigo farare, ƙanana, kamar an watsa riɗi. Wallahi na tsaga saifa ta fi dubu, ban taɓa lura da su ba. Kai ma ka je teburin Baffanka ka tsaga ɗaya ka gani, kada ka ce tatsuniyar tsoho ce.

Ga abin da ya gaya mini, yadda na riƙe shi. Na sa ya maimaita har mai jiran ƙashin miya ta gaji ta tafi.

Ya ce a cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi masu rai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, aikinsu faɗa da cuta. Iri-iri ne. Akwai irin da suke kira da harafin Bi na boko. Na ce don me? Ya ce don a jikin kaza aka fara gane su, a wata ’yar jaka da ke can wajen gindinta, sunan jakar da wannan harafi ya fara. Na ce, "Wato duk karatun nan naku a gindin kaza ya ƙare?" Ya ce, "A nan ya fara, Barunje. Saurara."

Ya ce mutum ba shi da wannan jaka. A jikinmu cikin ɓargo ake haifarsu, ɓargon nan da muke fasa ƙashi mu tsotse. Suna fitowa ba su san komai ba, kuma kowace ɗaya cuta iri ɗaya tak aka halitta ta ta gane. Sai su bi jini su je su zauna a kaluluwa da kuma saifa, a cikin fararen ɗigon nan. Ita saifa rariya ce, duk jinin jiki sai ya bi ta cikinta an tace. In ƙwayar cuta ta shiga jini, a nan za ta maƙale, a nan za ta haɗu da wadda aka halitta dominta. Sai wannan ɗayar ta yi ta haihuwa, ta zama dubbai. ’Ya’yan nata sai su kasu biyu. Kashi ɗaya su yi ta zuba magani a cikin jini har cutar ta mutu, su ma yawancinsu su mutu bayan ’yan kwanaki. Ɗaya kashin ba sa shiga faɗan. Zama suke yi, shekara da shekaru, ba abin da suke riƙe da shi sai kamannin wannan cuta. Su ake kira masu tuni. Ranar da cutar ta dawo, ba a sake bin dogon zance: su za su tashi nan take, su hayayyafa, su zuba maganin da ya fi na farko yawa da ƙarfi, tun mutum bai san an shigo ba. Ya ce shi ya sa ƙyanda ba ta kama mutum sau biyu, shi ya sa kuma lambar rigakafin da aka yi muku a hannu take aiki.

Da ya faɗi haka sai na tuna da tsofaffin da ke zama a dakalin ƙofar gidan mai unguwa a Kwarbai. Ba su iya bin ɓarawo da gudu. Amma baƙo bai isa ya ratsa lungun nan ba su ce, wannan shi ne wanda ya zo shekarar da aka yi fari, a bi shi. Na gaya masa haka, ya ce kusan haka ne, sai dai kada in kai maganar gaban ɗalibansa su raina shi.

Na ce, "To wanda aka cire wa fa? Ba shi da masu tunin ke nan?"

Ya ce a'a, yana da su, na kaluluwa suna nan, shi ya sa mutum zai yi shekaru garau har ya ɗauka ba abin da ya rasa. Amma kaluluwa tana tsaron abin da ya shigo ta fata da nama ne, saifa kuwa jini take tsaro. Akwai cututtukan da in sun samu shiga jini suke ninkuwa cikin sa'o'i: mai kawo ciwon haƙarƙari, da mai kawo sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro. Mai saifa, rariyarsa tana tare su, masu tuninsa suna zaune a daidai wurin da jinin yake wucewa, don haka yana da kwana biyu ko uku na jinkiri. Marar saifa ba shi da wannan jinkirin. Kafin na nesa su ji labari, gari ya ci wuta. Ya ce, "Kwana ukun nan da kuke jira ku gani, saifa ce take ba ku su. Mati ya jira da abin da ba shi da shi."

Mutumin kirki ne, bai cika baki ba. Ya ce abin da ba su sani ba game da ƙwayoyin nan ya fi wanda suka sani yawa: shekara nawa suke rayuwa, yaya suke riƙe kamannin cuta, duk ana kan bincike. Amma ya ce maganar marar saifa da zazzaɓi ba ta bincike ba ce, sun gani da idonsu.

Sai na ce masa ina da ɗa a gida mai irin tabon. Ya ajiye ledar namansa ya dube ni. Ya ce, "Yana shan magani?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ɗanka ne fa." Na ce, "Ɗan fari ne." Ya ce, "Na sani, a Zariya na tashi. Amma ƙwayar cuta ba ta san ɗan fari ba." Ban ji daɗin maganar ba, na kuwa yanka masa naman ranar ba gyara. Amma ga shi na rubuto.

Don haka ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce, umarni ne, ko da za ka ce uban da ya yi shekara tara bai aiko da ko goro ba bai isa ya ba da umarni ba. Kana da gaskiya in ka faɗa. Ka faɗa, sannan ka yi.

Ranar da ka sauka a garin aikin naka, kafin ka san inda ake sayar da abinci, ka san inda tasha take, ka san direban da yake kwana a gari. Ka gaya wa maigidan da ka sauka a wurinsa, ka gaya wa shugabanka a ofis. Ka ɗaga riga ka nuna musu tabon. Ka ce, ni ba ni da saifa, duk ranar da kuka ga jikina ya yi zafi ku sa ni a mota, ko ina cewa a bari. Na san da nauyi saurayi mai sabon aiki ya fara da tallar rauninsa. Ka yi duk da haka. Ranar da za ka buƙace su, wataƙila bakinka ba zai iya bayani ba.

Ka koma kan ƙwayoyinka, fenisilin da na zazzaɓin sauro, yadda likitan nan ɗan Tudun Wada ya rubuta a takardar da ke cikin ƙunshin da na aiko maka. In sun kusa ƙarewa ka nemi wasu tun da saura. Bakin kogi gidan sauro ne, don haka kada ka kwana a waje don zafi, kada ka ba baƙo gidan sauronka don kara. In zazzaɓi ya zo da safe, azahar ta same ka a hanya. In ya zo ranar da ake biyan albashi, ka bar albashin. In ya zo cikin azumi, ka sha ruwa ka sha magani ka rama daga baya, ka tambayi kowane malami a birni zai gaya maka Allah bai ɗora maka wannan ba. Kada ka tsaya dafa ganye. Ni na dafa, na ga ƙarshensa. In ka je asibiti, kafin su tambayi sunanka ka gaya musu ba ka da saifa. In kuma ka je aka ce ba komai, mura ce, kada ka ji kunyar kuɗin motar da ka kashe. Ka sake zuwa karo na gaba.

In lokacin aure ya yi, ka gaya wa yarinyar da iyayenta tun kafin a kai kaya. Wadda za ta kwana kusa da kai ita za ta fara jin zafin jikinka, gara ta san abin da yake nufi. In sun ƙi ka saboda haka, sun hutar da kai.

Barkwancin nan kuma na rage kaya, ka bar shi. Nawa ne, kuma mutum ɗaya ya riga ya tafi da shi a baki.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya saukar da kai a hannun mutanen kirki. Allah Ya tsare ka daga sharrin ruwa da hanya da abin da ido ba ya gani. Allah Ya sa ka binne ni, kada in binne ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ’ya’yan da za ka iya kiran sunansu ka tambaye su ina ke ciwo. Amin.

Alhaji Sule zai ba ka ƙunshi. Abin da na iya tarawa a shekara taran nan naira ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Na tara su ne don ranar da zan dawo, kada in shiga Kwarbai hannu rabbana. Na sayi gidan sauro biyu da ƙwayoyin wata shida, naira ashirin da uku. Naira ɗari da tamanin suna cikin ƙunshin. Ba na riga ba ne, ba na keke ba ne, kuɗin shatar mota ne zuwa asibiti. Ka ba maigidanka ajiya, ka gaya masa ko na mene ne. Saura naira goma sha ɗaya, suna wurina.

Ni ne mahaifinka, Ilu.